Tarihin Ƙafar Baya ta Motar Peugeot da Yadda Ake Sabunta Ta

1.0 Gabatarwa

Idan ana zancen tsofaffin motoci, yawanci abin da mutane kan tuna shi ne kyan jiki, ko ƙarar inji, ko kuwa sunan wani babban mutum da ya taɓa hawa. Da wuya a ji wani ya ambaci ƙarafan da ke ƙarƙashin kujerar baya, alhali kuwa su ne ke ɗauke da fasinja da kayansa, su ne kuma ke shan dukan hanya dare da rana. Waɗannan ƙarafa su ne kanikawa kan kira kayan ƙafa, watau sifirin da shokozoba da bushin da sandunan da ke riƙe da aksul.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin kayan ƙafar baya na motoci biyu da suka yi zamani a ƙasar Hausa, watau Peugeot 404 da Peugeot 504, waɗanda jama'a ke kira Fijo. Za a nuna cewa ƙafar bayan Fijo iri-iri ce, kuma kowane iri akwai bukatar da ta sa aka ƙera shi. Saboda haka duk wanda ya tashi sabunta ƙafar ɗaya daga cikin motocin nan yau, ba tare da ya san irin da ke gabansa da dalilin ƙera shi ba, to, yana iya garin neman gira ya rasa ido.

2.0 Asalin Sifirin

Sifirin ya girmi mota. A ƙasashen Turai, kafin zuwan inji, masu hali kan yi tafiya ne cikin keken doki, kuma don rage jijjiga sai a rataye akwatin keken da igiyoyin fata masu kauri. A shekarar 1804 wani maƙerin keken doki a birnin Landan, mai suna Obadiah Elliott, ya yi rajistar wata dabara ta ɗora akwatin kai tsaye a kan fallayen ƙarfe masu lanƙwasa kamar baka, waɗanda aka jera wani bisa wani. Wannan shi ne sifirin mai falle-falle, kuma da mota ta zo sai ta gaje shi daga keken doki. Alal misali, motar Ford samfurin T, wadda ta fito a Amurka a 1908, irin wannan sifirin aka gicciya mata gaba da baya.

Abin da ya sa sifirin mai falle-falle ya daɗe yana tashe shi ne aiki uku yake yi a lokaci guda. Na farko, yana ɗaukar nauyi. Na biyu, yana riƙe aksul a mazauninsa, kada ya zame gaba ko gefe. Na uku, fallayen suna gugar juna, gugar nan kuwa tana rage tsallen mota. Aibinsa shi ne tauri da nauyi, musamman idan motar ba ta da lodi.

Ɗayan irin shi ne naɗaɗɗen sifirin, watau sandar ƙarfe da aka murɗe kamar gammo mai hawa-hawa. Shi wannan ya fi taushi, ya fi sauƙin nauyi, amma aiki ɗaya kaɗai ya sani, shi ne ɗaukar nauyi. Dole sai an nemo masa mataimaka: sandunan da za su riƙe aksul, da kuma shokozoba wadda za ta kashe tsalle. Ita shokozoba bututu ce mai cike da mai, da fistin a ciki. Duk sa'ad da ƙafa ta motsa, sai fistin ya tilasta wa man nan bi ta wasu 'yan ƙananan kafofi, ƙarfin tsallen ya koma zafi ya baje cikin iska. Tarihin ƙafar bayan mota, idan aka taƙaita shi, ja-in-ja ne tsakanin sifirin guda biyun nan, watau tsakanin ɗaukar kaya da jin daɗin zama.

3.0 Daga Maƙera zuwa 404

Zuriyar Peugeot maƙera ne tun kafin su zama masu mota. A 1810 suka mai da wani injin niƙan hatsi na gidansu, a gabashin Faransa, ya koma masana'antar ƙarfe, inda suka riƙa ƙera zarto da sifirin na agogo, daga baya har da injin niƙan gahawa. Ashe ke nan sanin halin ƙarfe mai lanƙwasa ya dawo gādo ne a wurinsu. Kamfanin ya kuma shahara da ƙera shokozoba tasa da kansa, a zamanin da yawancin kamfanoni saye suke yi daga waje.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin ya fito da samfurin 203 a 1948, sa'an nan 403 a 1955, sa'an nan 404 a 1960. Ƙananan motocin nan masu ƙofa huɗu, waɗanda ake kira salun, tsari ɗaya suka bi a baya. Aksul guda ne miƙaƙƙe, ya haɗe ƙafar dama da ta hagu. A kansa an dasa naɗaɗɗen sifirin ɗaya a kowane gefe. Farfela, watau sandar da ke kawo juyi daga giya, an sa ta cikin wani babban bututun ƙarfe wanda ya taso daga bayan giya ya manne da aksul, kuma wannan bututu shi ke tura mota gaba, shi ke hana aksul wuntsilawa. Sa'an nan akwai wata sanda da aka gicciya, kanta ɗaya a jikin mota, ɗayan a jikin aksul, don hana jiki lilo dama da hagu. Ana kiranta sandar Panhard, da sunan wani tsohon kamfanin motoci na Faransa.

Akwai wani abu kuma da ya bambanta salun ɗin 404 na farko da sauran motocin zamaninsu. A cikin tukunyar aksul, inda ake raba juyi tsakanin ƙafafu biyu, sun yi amfani da wani murɗaɗɗen ƙarfe mai zare irin na noti, wanda ke juya faifan haƙora na tagulla. Wannan tsari ba ya da ƙara, kuma yana sa farfela ta yi ƙasa, daɓen mota ya sami fili. Amma tagulla tana da irin man da take so, domin wasu mayukan giya na yau da kullum suna ɗauke da sinadarin da ke cin ta sannu a hankali.

Da kamfanin ya tashi yin motar iyali mai dogon baya a 1962, wadda ake kira wagon, sai ya ga sifirin biyu ba za su isa ba, ya sa huɗu, biyu a kowane gefe. Da ya zo yin a-kori-kura a 1967 kuwa, sai ya koma ga sifirin mai falle-falle irin na kakanni. Ke nan a ƙarƙashin suna ɗaya, 404, akwai ƙafar baya iri uku, kowacce da gwargwadon nauyin da aka yanka mata.

Ƙarfin wannan tsari ya bayyana a gasar tseren motoci ta Safari a Afirka ta Gabas, wadda ake yi a kan hanyoyin burji da taɓo. Motar 404 ta lashe gasar a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A gasar 1963 motoci bakwai kacal suka kai ƙarshen tafiya, 404 ce a gabansu.

4.0 Sabon Salo a 504

A 1968 aka fito da 504, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana wa jiki, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. A salun ɗinta an yi watsi da aksul guda. An ɗaure tukunyar aksul a jikin mota, aka ba kowace ƙafa nata hannun ƙarfe da nata sifirin, sa'an nan wasu gajerun sanduna biyu masu gaɓoɓi suka riƙa kai juyi daga tukunyar zuwa ƙafafun. Amfanin haka shi ne idan ƙafar dama ta faɗa rami, ta hagu ba ruwanta, mota ta tafi sumul. Wannan mota ma ta ci gasar Safari a 1975, a hannun direban nan ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ƙafa mai zaman kanta ta fi yawan gaɓoɓi, kuma kowace gaɓa an lulluɓe ta da rigar roba mai riƙe giris. Da zarar robar ta yage, ƙura ta shiga, to, gaɓar ta kama hanyar lalacewa. Bugu da ƙari, idan lodi ya yi yawa, ƙafafun sukan karkace, sama ta shige ciki, ƙasa ta buɗe, taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Shi ya sa kamfanin bai yarda ya sa wannan tsari a motocin kaya ba. Wagon ɗin 504, wadda ta fito a 1971, aksul guda aka sa mata da sifirin huɗu. A 1973 aka fito da salun mai rangwamen kuɗi, ita ma da aksul guda. A-kori-kurar 504 ta 1979 kuwa, sifirin mai falle-falle ta gada daga yayarta. Mai karatu zai lura cewa duk inda maganar kaya ta taso, sai kamfanin ya waiwayi tsohon tsari, domin da tsohuwar zuma ake magani.

5.0 Fijo a Ƙasar Hausa

An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, kuma masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Lokacin ya dace da bunƙasar kuɗin man fetur da ƙarin albashin nan na Udoji, don haka ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa suka mallaki mota a karo na farko. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo, wadda ta hau a 1976, ta ɗauki manufar rage alfarma, ta mai da 504 motar manyan jami'anta. A Jamhuriyar Nijar kuwa, ban da waɗanda ake shigowa da su ta tashoshin ruwa na kudu, a shekarun 1970 da 1980 Turawa matafiya sukan tuƙo tsofaffin 404 da 504 daga Turai, su ratso Sahara ta Tamanrasset a Aljeriya, su ɓullo Arlit da Agadas, su sayar da su su koma gida.

A nan ne ƙafar bayan Fijo ta gamu da jarrabawar da ta fi ta Safari, domin tsere na 'yan kwanaki ne, aikin tasha kuwa na kullum ne. Wagon mai kujeru layi uku ta zama motar haya tsakanin garuruwa, ana cika ta da fasinja fiye da kujerunta, a ɗaure buhuna a baya har ƙofa ta ƙi rufuwa. A-kori-kura ta zama jakar kasuwannin ƙauye, tana jidar gero da gyaɗa da awaki a kan gargada. Gargada kuwa babbar maƙiyiyar shokozoba ce, saboda ƙananan duka marasa yankewa suna sa man ciki ya yi zafi ya tsinke, har ya daina riƙe komai. Yanayinmu ma ya sa hannu. A Turai tsatsa ce ke kashe mota, saboda gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara. A Arewa kuwa ƙarfe yakan daɗe, amma zafin rana da ƙurar hunturu suna busar da roba, su tsattsaga ta.

An daina ƙera salun ɗin 504 a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har zuwa 2006. A tsakanin nan, faɗuwar darajar naira bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ta sa sabuwar mota da sababbin kayan gyara suka fi ƙarfin mafi yawan jama'a. Daga nan sai nauyin raya motocin ya koma kan kanikawa da maƙera.

6.0 Dabarun Kanikawa da Maƙera

A wurare irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, da takwarorinsu a Maraɗi da Damagaram, masu sana'a sun ƙirƙiro hanyoyin da babu su a littafin kamfani. Idan sifirin mai falle-falle ya kwanta, sai a warware shi, a ɗora kowane falle a kan maƙera a bubbuge shi da guduma har lanƙwasarsa ta dawo, wani lokaci kuma a ƙara masa falle ɗaya ko biyu. Idan bushin ya mutu, sai a yanko madadinsa daga tsohuwar tayar babbar mota. Idan naɗaɗɗen sifirin ya gaji, sai a cusa masa roba a tsakanin hawa da hawa, ko a musanya shi da wanda ya fi shi kauri. Fallen da ya karye ma ba a yar da shi, domin maƙera sun san babu ƙarfen da ya fi shi kyan wuƙa da adda da gatari.

Waɗannan dabaru sun ciyar da gidaje, sun kuma riƙe sufurin karkara shekara da shekaru, don haka ba abin rainawa ba ne. Amma dabarun kai wa gobe ne, kuma kowacce da kuɗin da take karɓa a ɓoye. Ƙarin falle yana ɗaga baya, amma ba ya ƙara wa aksul da boris da birki ƙarfin komai, sai ma ya ruɗi direba ya ƙara lodi. Gasa sifirin da wutar walda don a gyara tsayinsa yana kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, ya bar shi ko dai ya yi laushi ko ya yi gautsi. Wannan ne ya sa mai neman mayar da tsohuwar Fijo kan asalinta yakan tarar da aiki biyu a gabansa, gyaran ɓarnar hanya da kuma warware gyare-gyaren baya.

7.0 Yadda Ake Sabunta Ƙafar Baya

Matakin farko shi ne a leƙa ƙarƙashi a tantance irin ƙafar, domin kayan wannan ba sa shiga wancan, ko da lambar da ke jikin but ɗaya ce. Sa'an nan, kafin a kwance ko noti ɗaya, sai a tsai da motar a daɓe mai daidaito, a auna tsayinta daga ƙasa a dama da hagu, a rubuta. Bambancin da aka samu shi ke nuna gefen da ya kwanta.

Bayan haka sai a ɗaga motar a ɗora jikinta a kan matokarai masu ƙarfi, a sa wa ƙafafun gaba waigi. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare aksul da jak, a cire shokozoba, a saki bututun birki na roba kada ya tsinke, sa'an nan a sauke aksul sannu a hankali har sifirin ya saki. Naɗaɗɗen sifirin da ke matse yana ɗauke da ƙarfin da zai iya karya hannu ko ya fasa kai, don haka ba a ɓamɓare shi da ƙarfi.

Idan kaya suka sauko, sai a wanke su a duba ɗaya bayan ɗaya. A jera sifirin a ƙasa a gwada tsayinsu; idan ɗaya ya gaza, duka ake canjawa, haka ma shokozoba, domin sabo a dama da tsoho a hagu yana sa mota karkata a kwana. A duba sandar Panhard ko ta lanƙwashe, a fitar da tsofaffin bushin a danna sababbi. A salun mai ƙafa mai zaman kanta, sai a ƙara da duba hannuwan ƙarfe ko sun tsage, da rigunan roba na gaɓoɓi, da robobin da ke riƙe da tukunyar aksul. A a-kori-kura kuwa, a duba kusar tsakiya wadda ke haɗe fallaye, da ƙarafan nan masu siffar baka da ke ɗaure sifirin da aksul, a kuma ƙirga fallayen a ga ko an yi ƙari. A 404 mai faifan tagulla, kada a zuba mai sai wanda ya dace da tagulla.

Akwai abubuwa biyu da gwanaye kan lura da su a ƙarshe. Na farko, ba a ƙarasa ɗaure notin bushin sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta a kan ƙafafunta. Idan aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin ɗan lokaci. Na biyu, 504 tana da wata 'yar na'ura da ke auna yadda baya ya nutse, ta ƙara ko ta rage ƙarfin birkin baya daidai da lodi. Duk wanda ya sauya tsayin mota bai daidaita na'urar nan ba, ya taɓa birki bai sani ba, kuma ranar da aka taka birki da gaggawa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ne abin zai bayyana.

8.0 Abin da Harshe Ya Samu

Wannan sana'a ta bar wa Hausa gādon kalmomi. Sifirin da shokozoba da bushin da boris da farfela da aksul duk baƙi ne daga Ingilishi, amma an yi musu kaciya irin ta gida, an raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, an mai da sautin da babu a Hausa zuwa mafi kusa da shi. Kalmar makaniki ma ta haihu: da yake ta fara da gaɓar da ta yi kama da ɗafin nan na maƙeri da masaƙi, sai aka cire gaɓar aka sami bakanike da kanikawa da kanikanci. Wasu kalmomin kuwa na gida ne aka faɗaɗa musu ma'ana, kamar ƙafa da hannu da haƙori da riga, inda aka ɗauki mota tamkar dabba mai gaɓoɓi. A garejojin Nijar kuma akan ji sunayen da aka aro daga Faransanci, abin da ya sa ƙarfe ɗaya ke da suna biyu tsakanin Katsina da Maraɗi.

9.0 Kammalawa

An ga yadda ƙafar bayan Fijo ta taso daga keken doki, ta rabu iri-iri bisa ga nauyin da aka nufe ta da shi, sa'an nan ta zo ƙasar Hausa ta ɗauki abin da ya fi wanda aka yanka mata. Yau motocin sun ragu ƙwarai a manyan hanyoyi, kuma waɗanda suka koyi aikinsu a shekarun 1970 sun manyanta. Mafi yawan abin da suka sani a ka yake, ba a rubuce ba, kuma yaran gareji na yanzu wasu motoci suke koyo a kai. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'i da kwalejojin fasaha su zauna da dattawan kanikawa da maƙera, su tattara kalmominsu da hanyoyin aikinsu, su tace mai kyau daga mai haɗari, su buga da Hausa. Masu tsofaffin motocin kuma, idan sun tashi gyara, su fara da ƙarƙashi kafin fenti, su nemi wanda ya san irin ƙafar da motarsu ta zo da ita daga masana'anta.